Muryar da Aka Rufe a Gora

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wata maginiyar tukwane mai suna Tabawa, matar da ta shiga ƙasar aljanu da tsakar rana, ta dawo da abin da ta je nema kafin a kira magariba.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, ita ce ta fari, ita ce ta ƙarshe. Da yake 'yar fari ce, Tabawa ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda alkunya irin ta iyaye. In za ta kira ta sai ta ce "ke". In za ta ba da labarinta sai ta ce "yarinyar nan".

Yarinyar nan ta yi makarantar boko, kuma abin da ta koyo ba ya kwana a cikinta. Da ta ajiye jaka sai ta tsuguna kusa da uwarta a gindin murhu.

"Iya, kin san me ya sa albasa ke sa ki hawaye?"

"Mugun hali ne irin nata."

"A'a. In kin yanka ta, wani tururi ne mai yaji ke tashi, ba a ganinsa. In ya shiga ido, sai ido ya kawo ruwa don ya wanke kansa."

"To, malama. Miƙo min ludayi."

Haka suke kullum. Tabawa tana yi kamar ba ta saurare, amma ko kalma ɗaya ba ta bari ta faɗi ƙasa ba.

Wata damina zazzaɓi ya shigo gari, ya ɗauki yarinyar nan tana budurwa. Uwar 'yar fari ba ta kuka a gaban mutane. Sai Tabawa ta koma yankan albasa, ko miyar ba ta buƙata.

Ranar sadakar arba'in, bayan an sauke tukwane, ta ɗauki tafasasshen ruwa ta zagaya bayan gida. Rana ta take tsaka. Yaro ma ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, balle a gindin tsamiya, balle a wannan lokaci. Amma hankalinta ba ya jikinta. Ta sheƙa ruwan a saiwar tsamiya, bakinta a rufe. Sai ta ji ƙara daga ƙarƙashin ƙasa, siririya, kamar ta ɗan akuya.

Nan take guguwa ta taso ta tsaya a gabanta. Daga cikinta wani dogon mutum ya fito, daga ƙugu zuwa sama jiki, daga ƙugu zuwa ƙasa iska mai juyawa a cikin riga. Yana riƙe da sanda da ɗan gora.

"Ya ke 'yar Adam, ni ne Bazanga, manzon Sarauniya Garwashiya. Kin ƙona gimbiyarmu tana hutawa a inuwar saiwa. Hukuncinmu ɗaya ne tun kaka da kakanni. Mai laifi ana ɗauke masa abin da ya fi so."

Tabawa ta ce, "Abin da na fi so yana maƙabarta, bawan Allah. An riga ka."

"Akwai saura."

Ya kafa bakin goran a kunnenta, ya zare wani abu kamar zaren hayaƙi, ya toshe. Tabawa ta nemi muryar 'yarta a cikin kanta, inda ta saba samunta safe da yamma. Kalmomin suna nan, "Iya, kin san me ya sa", amma sautin babu. Ba ta iya tuna ko muryar siririya ce ko mai kauri, ko yadda take jan "Iya" in tana son tsokana.

Bazanga ya ce, "In rana ta faɗi za a liƙe bakin goran da darma. Ba mai buɗe shi har abada."

Ya juya zai tafi, ta yi wuf ta cafke gefen rigarsa da hannun da ya saba murɗa yumɓu.

"Sake ni, 'yar Adam."

"Ko za ka tsinke hannun."

Ashe a dokarsu, duk wanda ya riƙe rigar manzo dole a kai shi gaban sarauniya. Bazanga ya yi tsaki, ya cilla goran sama, wata iska ta cafe ta yi gaba da shi zuwa fada. Sannan ya bugi tsamiya da sanda, ta tsage gida biyu, suka shiga.

Suka ɓullo a wani fili fari fat, ba itace ba ciyawa, sai yashi mai ƙuna. Bazanga ya yunƙura zai tashi sama da ita, ya kasa.

"Daga ƙasa aka yi ki, kin yi min nauyi. Dole mu bi ta ƙasa, kuma ban taɓa jin aljanin da ya bi hanyar nan ta ƙasa ya kai ba. Ta sama muke wucewa, idonmu a rufe."

Suka yi ta tafiya har harshen Tabawa ya manne da dasashi. Can sai ga tafki a hannun dama, shuɗi, yana ƙyalli, yana rawa. Ƙasusuwa sun yi layi daga hanya zuwa wajensa.

"Tafkin Mayaudariya ke nan," in ji Bazanga. "Tana kiran mai ƙishi, in ya matso ta janye ruwanta, har ya faɗi. Duk wanda ya gan ta sai ya bi ta."

Ƙafafun Tabawa sun riga sun karkata. Ta yi taku, ta ƙara taku. Sai ta tuna wata ranar kasuwa suna tafe a bakin kwalta, ita da yarinyar nan, ta ce ga ruwa can kwance a titi, yarinyar ta yi ta dariya. Ta tsaya cak.

"Ɗan nan, dubi launinsa, ka dubi sama."

"Iri ɗaya ne."

"Ka ga ciyawa a bakinsa? Ka ga tsuntsu?"

"Babu."

"To kawalwalniya ce. Yarinyar nan ta ce in ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kwance a kanta takan lanƙwasa hasken da ya sauko daga sama, ta jefo shi cikin idonka. Sama kake gani a ƙasa. Ba kowa a wurin, ba ruwa, ba mayaudariya."

Ta hau wani tudun yashi, ta jawo shi ya hau. Suna hawa tafkin yana tsukewa, har ya ɓace. Bazanga ya sauka ya tsuguna, tafki ya dawo. Ya miƙe ya hau, ya ɓace. Ya yi ta yi kamar ƙaramin yaro har sai da ta daka masa tsawa cewa rana na tafiya.

Daga nan suka shiga wani kwazazzabo tsakanin duwatsu biyu masu tsayi, hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, ƙasanta rami ne mai duhu. Bazanga ya daure fuska, ya gyara riƙon sanda.

"Nan ne gidan Ƙato Mai Ramuwa, abokin gabarmu. Ya zagi kakana, ya zagi ubana. Yau da nake ƙasa sai ya fito mun yi ta." Ya buɗe murya. "Fito, matsoraci!"

Dutse ya amsa, "Matsoraci, matsoraci."

"Kin ji ko? Ni zai zaga!" Ya sake ruri da ƙarfinsa duka, dutsen ya mayar masa, tsakuwa ta fara zubowa. Wani ƙaton dutse ya gangaro ya wuce ta gaban hancin Tabawa, ya faɗa rami, ba a ji ƙarar saukarsa ba.

Ta sa tafin hannu ta toshe masa baki. "Za ka binne mu saboda zuciyar banza. Tsaya ka gani."

Ta tafa hannu sau ɗaya. Dutse ya tafa sau ɗaya. Ta ce, "Sannu da aiki." Dutse ya ce, "Da aiki."

"Ka taɓa ganin yara na buga ƙwallo a jikin katanga? Yana dawowa. To murya ma tafiya take yi, in ta bugi dutse ta dawo wa mai ita. Amsa kuwwa ke nan. Ka taɓa jin ya fara magana da kansa?"

Bazanga ya girgiza kai. "Bai taɓa ba."

"Ashe kakanka kansa ya yi ta zagi."

Ya dubi dutsen. Sannan ya ce a hankali, "Na yafe maka." Dutse ya ce, "Yafe maka." Suka wuce sumul, Bazanga yana share ido da hannun riga.

Bayan kwazazzabon sai ga kogi, wannan na gaske, garau har ana ganin duwatsun ƙasansa. A ƙetare ga ganuwar birni tana ci ja wur. Tabawa ta ruga za ta sha, Bazanga ya fizgo ta.

"Kogin Karya Ƙafa! Duk abin da ya shiga, karyewa yake yi. Duba."

Ya tsoma rabin sandarsa a karkace. Daidai fuskar ruwa sandar ta tanƙware kamar an karya ta a gwiwa. Ya sake ta da sauri, ya ce ta gado ce, shi ke nan ta tafi. Tabawa ta cafe ta, ta zaro ta miƙe sambal. Ta mayar, ta kama hannunsa ta bi da shi jikin sandar har cikin ruwa. Ba karaya.

"Ita ma yarinyar ce?" in ji Bazanga.

"Ita ce. Da cokali a kofi ta nuna min. Haske ne ke sauya hanya in ya fito daga ruwa ya shiga iska, ido kuma ya ɗora wa sanda laifi."

Ta sha ta ƙoshi, ta tattare zane ta shiga, shi kuma yana manne da bayanta, idonsa a runtse. Daf da gaɓa ta ji wani abu mai santsi a ƙarƙashin ƙafa. Yumɓu ne, mai laushi, irin wanda take yin tafiyar yini ba ta samu ba. Hannun maginiya ba ya wuce irin wannan. Ta kwaso mai yawa ta ƙulle a mayafi, ta ɗora a ka.

Birnin Garwashi komai nasa wuta da zinariya ne. Ganuwa garwashi, tituna jan ƙarfe, itatuwa suna fid da harshen wuta a madadin ganye. Aljanu suka fito suna kallon manzon da ya shigo ta ƙasa, rigarsa jiƙe da ruwan kogin da suke tsoro.

Sarauniya Garwashiya ba ta kan gadon sarauta. Tana durƙushe a bakin wani gado, gashinta na ci da shuɗiyar wuta. A kan gadon ga gimbiya kwance rub da ciki, kafaɗarta ta saluɓe, tana nishi. An shafa mata toka, an shafa mata man kaɗanya, abin sai ƙaruwa yake.

"Ke ce mai ruwan zafi?" in ji sarauniya.

Tabawa ta zube. "Ni ce, ranki ya daɗe. Ban yi bisimilla ba. Hankalina yana kan tawa da na binne."

"Me ya kawo ki, bayan an yi hukunci?"

"Muryarta na biyo. Ki ɗauki idona, ki ɗauki hannuna, ki bar min ita."

"Idonki ba zai sanyaya bayan 'yata ba. Wutarmu ba ta cin mu, amma tafasasshen ruwanku yana ci, kuma ba mu san maganinsa ba."

Bazanga ya matso ya faɗi gaisuwa, ya ba da labarin tafki da dutse da kogi. Sarauniya ta ɗago kai.

"Ya ke 'yar Adam, in 'yarki ta bar miki sanin abin da zai kashe wannan zafi, ki yi. In ta samu sauƙi kafin faɗuwar rana, muryar taki ce. In ba ta samu ba, ki zauna a nan ke da goran har ƙarshen kwananki."

Tabawa ta ce, "Ƙuna ba toka take so ba. Ruwan sanyi take so, a yi ta kwarara mata har zafin ya fita daga cikin nama."

Aka kawo ruwa a tulun zinariya. Ta tsoma yatsa, ta zare. Ko ruwan kogin ma, kafin a haye titi da shi ya yi ɗumi. A duk faɗin birnin ba wanda ya taɓa jin ruwan sanyi a bakinsa.

Sai ta kwance mayafi. Ta cuɗa yumɓu, ta murza shi igiya igiya, ta ɗora, ta shafe, randa ta tashi a hannunta. Bazanga ya kewaye ta da iska ta bushe. Sarauniya ta hura mata numfashi ta gasu ja jawur. Tabawa ta ce a cika ta da ruwa a ajiye a inuwar soro inda iska ke ratsawa, ita kuma ta koma wanke tokar da ke jikin ciwon.

Da aka jima aka ɗebo. Ruwa ɗumi, kamar ba a yi komai ba. Aka taɓa gimbiya da shi ta yi ƙara. Gashin sarauniya ya tashi har rufi, ya koma fari. Ta taga kuma rana ta yi ja, ta sauko kusa da ganuwa.

"Wasa kike yi da ni, 'yar yumɓu?"

Tabawa ta dubi ruwan. Tun tana yarinya take gina randa, ba wadda ta taɓa ba ta kunya. Ta ce a kai ta ta gani. Tana shiga soron ta ga randarta tana walƙiya, an lulluɓe ta da zinariya tun daga baki har gindi.

"Wa ya sa mata riga?"

Shugaban bayin fada ya ce, "Al'ada ce. Ba abin da ke shiga fada tsirara."

"To ku tuɓe mata. Randa sai ta yi gumi."

Sarauniya ta ɗaga yatsa, zinariyar ta ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ba a daɗe ba jikin randar ya yi duhu, ya jiƙe. Tabawa ta lashi bayan hannunta, ta ce wa sarauniya ita ma ta yi haka, ta hura.

"Me kika ji, ranki ya daɗe?"

"Wani abu baƙo. Kamar zafi ya janye."

"Sanyi ke nan. Jikin randa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan. Iska ta kwashe shi, kuma ba ya tafiya hannu biyu, sai ya ɗebi zafin na ciki ya tafi da shi. Shi ya sa gumi ke sanyaya mutum. Zinariyarku ta toshe ƙofofin. Ɗan nan, hura mata. A hankali, ba irin ta ɗauke rufin mutane ba."

Bazanga ya yi ta kewaya randar da iska mai laushi. Tabawa ta tsoma yatsa, ta jira, ta sake tsomawa. Sannan ta cika moɗa ta kwarara a kafaɗar gimbiya. Ta cika ta kwarara, ta cika ta kwarara. Nishin ya ragu. Ya tsaya. Gimbiya ta buɗe ido ta ce, "Umma, a ba ni in sha irinsa."

Birni ya ɗauki guɗa. Sarauniya ta kama hannun Tabawa da kanta, suka yi sauri zuwa wani ɗaki mai tsawo. Goruna ne rataye daga rufi ba iyaka, duk iri ɗaya, suna lilo suna sauya wuri. A bakin ƙofa wani tsohon aljani ya riga ya ɗora darma a wuta.

"Ba mu da iko da matattu," in ji sarauniya. "Abin da ya rage a kunnenki ne kawai ke nan. Ko ni ban san wanne ne naki ba. Kowane gora sunan mai muryar ne mabuɗinsa. Kira ta."

Tabawa ta ce, "Ke."

Shiru.

"Yarinyar nan. Malama."

Goruna suka ci gaba da lilo. Darma ta fara narkewa. Rana ta taɓa kan ganuwa.

"Sunanta, 'yar Adam."

Tabawa ta sunkuyar da kai. "'Yar fari ce, ranki ya daɗe. Tun ranar suna ban taɓa faɗa ba. Bakina bai san hanyarsa ba."

Sarauniya ta ce, "Tawa ma ta fari ce. Tun da aka kawo min ita a ƙone nake kiran sunanta, a gaban bayi, a gaban kowa. Kunyar ba ta kashe ni ba."

Tabawa ta buɗe baki. Na farko iska ce kawai ta fito. Ta dafe ƙirji, ta cika shi, ta kira yadda ta so ta kira a ranar da aka fita da makara.

"Ramlatu!"

Can ƙuryar ɗakin wani gora ya fashe. Zaren hayaƙi ya taho yana rawa, ya shige kunnenta. Sai ga muryar, 'yar siririya, mai ɗan dishi, tana jan sunan yadda ta saba.

"Na'am, Iyaaa. Iya, kin san me ya sa..."

Tabawa ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi kuka da murya a gaban aljanu duka, ba albasa a kusa. Tana kuka tana dariya, tana kiran sunan tana sakewa.

Sarauniya ta so cika mata zane da zinariyar da aka ɓare. Ta ce ba ta da inda za ta sa. Yumɓun kogin kawai ta roƙa. Aka buɗe mata ƙofa a jikin ganuwa, ta yi taku ɗaya sai ga ta a gindin tsamiya, awakinta na shigowa gida, ladan yana gyaran murya.

Tun daga ranar ta ajiye randa a gindin tsamiyar nan, tana cika ta da bisimilla, kullum kuma ta tarar an shanye. Randunan da ta gina da yumɓun nan suka yi suna har kasuwannin nesa. Wata rana maƙwabciyarta Kuluwa ta sha ruwa a gidan, ta ajiye moɗa ta rage murya.

"Tabawa, tsakaninki da Allah, wane asiri aljanun suka ba ki?"

"Su ba ni? Ni na koya musu."

"Ke kuma wa ya koya miki?"

Tabawa ta goge yumɓun hannunta a zane, ta jawo mata kujera.

"Ramlatu. Zauna in gaya miki yadda ta gaya min."